Littafin Aro Daga Tashar Mushairib

Littafin ya faɗo kan teburin falo da ƙarfi, har shayin Anti Atine ya fantsalo daga kofi.

"Wane ne Abdul-Razak?"

Firdaus ta tsaya cak a bakin ƙofa, jakar makaranta na rataye a kafaɗarta, ko takalmi ba ta kai ga cirewa ba.  Tsohon littafi ne mai jan bango, takardunsa sun yi ruwan ƙasa saboda tsufa. Da safe ƙarƙashin matashinta ta bar shi.

"Da ke nake magana," in ji Yaya Mika'ilu. "Ga sunansa nan a shafin farko. Wane ne shi?"

"Yaya, aron littafi yake ba ni."

"Aron littafi. Shi ne har Suraj zai gan ki a tashar Mushairib, tsakar rana, kina ƙyalƙyala dariya da wani mai yunifom kamar ba 'yar gidan mutunci ba?"

Anti Atine, matarsa, ta ajiye kofin a hankali. "Baban Walid, ka bari ta zauna mana. Yanzu fa ta shigo."

"Ba za ta zauna ba sai ta faɗa mini."

Firdaus ta sunkuyar da kai. Hawaye suka fara ɗiga kan hijabinta.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Abbansu a Zariya. Ita ta yi jinyarsa wata takwas, a kan hannunta ya cika. Tun daga ranar dariya ta ƙaurace mata. Ganin haka ne ya sa Mika'ilu, wanda ya shekara goma sha biyu yana aikin injiniya a Doha, ya matsa mata ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, ko canjin wuri zai sa ta sake. Ta samu, ta zo, ta zauna a gidansa da ke Al Thumama. Wurin ya canja, amma ita tana nan yadda take. Daga ɗaki sai makaranta, daga makaranta sai ɗaki.

Sai wata Talata, tana jiran canjin jirgin ƙasa a Mushairib, ta ga wani ma'aikacin tashar zaune a benci lokacin hutunsa, littafi a hannu, yana dariya shi kaɗai har yana share ido. Ta taɓe baki, ta ce a hankali, don ta tabbata ba mai jin yarenta a wurin, "Allah ya sawwaƙe. Hauka dai kala-kala."

Ya ɗago kai. "Amin, Hajiya. Amma karanta shafi guda tukuna, sa'an nan ki yi mini addu'a."

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Don ta wanke kanta ne kawai ta karɓi littafin.

Labarin wani akawu ne mai tsananin kunya a Ingila ta zamanin da. Ya shiga gidan da ba shi aka gayyata ba, aka ɗauke shi likita, ya kasa buɗe baki ya ce ba shi ba ne, har ya kwana uku yana duba marasa lafiya yana rubuta musu ruwan ɗumi da gishiri. Kafin jirgi ya kai ta tashar unguwarsu, Firdaus ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa, wata Bafilipina da ke kusa da ita tana tambayarta ko lafiya.

Wata bakwai ke nan. Ta karanta goma sha huɗu. Duk tsofaffin littattafan barkwanci ne na marubutan Birtaniya, waɗanda mahaifin Abdul-Razak ya tara lokacin yana masinja a wani ɗakin karatu a Kumasi. In an ware tsofaffi za a zubar, sai ya kwaso ya zuba a akwatin ƙarfe. Duk Asabar kuma bayan azahar, a gidan yayarsa Nasiratu da ke Abu Hamour, sukan kalli finafinan da aka yi daga littattafan, wasu ma marasa kala, ga wake da shinkafa irin na Zangon Kumasi da baƙin yaji a gabansu. Firdaus ta dage littafi ya fi daɗi, shi ya dage ai sai ka ga fuskar mutum lokacin da hularsa ta faɗa cikin miya. Nasiratu ba ta kama Turancin mutanen sosai, amma ta fi kowa dariya.

A cikin wannan musun ne ya ce yana sonta da aure. Ita kuma ba ta yi musun wannan ba.

"Ɗan Ghana ne, Yaya," ta ce da ƙyar. "Bahaushen Zangon Kumasi. Yana so ya zo ya gaishe ka. Ni ce nake ta ja masa lokaci, ina tsoro."

Mika'ilu ya zauna.

"Ghana," ya maimaita. "Firdaus, Ghana?"

*

Bayan la'asar Suraj ya zo, kamar yadda ya saba duk Alhamis. Ɗan unguwarsu ne a Zariya, yana ƙarasa digirin digirgir a kan tattalin arziki, kuma tun zuwan Firdaus ya nuna wa Mika'ilu yana ciki. Kyakkyawa ne, ba ya wasa da salla, ba wanda ya taɓa jin abin kunyarsa. Matsalar ɗaya ce: in ya zauna da Firdaus, shi ke magana, ita ke kallon agogo.

Ya ɗauki littafin da yatsa biyu, ya juya shi.

"Wannan ne abin da ya ɗauke miki hankali? Firdaus, kin san su waye suka rubuta waɗannan? Lokacin da suke zaune a lambu suna shan shayi suna wannan barkwancin, kakanninmu suna dakon kayansu a ka. Ke kuma yau kin zo kina taya su dariya."

"Na sani," ta ce. "Shi ma ya sani. Mun sha yin maganar."

"To?"

"To ba mu suke yi wa dariya a ciki ba. Kansu suke yi wa. Alƙalinsu yana tsoron mai dafa masa abinci. Kanar ɗinsu ya shekara yana shari'a da tsohuwa a kan agwagwa. Ni da na taso ana nuna mini su kamar ba sa kuskure, sai na ga ashe su ma sakarkaru ne kamar kowa."

Suraj ya yi murmushi ya dubi Mika'ilu. "Yaya, ka ji ko? Mai nuna wa fasinja hanya ya zama farfesa."

"Ba farfesa ba ne," in ji Firdaus. "Amma shekara ɗaya da rabi ina gidan nan, kana zuwa kowace Alhamis. Ka taɓa tambayata me ya sa ba na dariya?"



Murmushin Suraj ya gushe. Ya ajiye littafin, ya ce a sanyaye, "Na ɗauka nutsuwa ce. Shi ya sa ma na ƙara sonki."

Wannan maganar ta fi ta farko yi mata ciwo, domin ta san da gaske yake. Ta tashi da gudu ta shige ɗaki.

Anti Atine ce ta yi ta lallaɓa mijinta har ya yarda Abdul-Razak ya zo gobe bayan Juma'a.

"Ya zo," in ji shi. "Gara ya ji daga bakina."

*

Su biyu suka zo, shi da Abdul-Hakim mijin Nasiratu, wanda ke tuƙa motar kai kayan lambu otal-otal. Abdul-Razak ya sa farar jallabiya mai guga, ya riƙo kwalin dabino da ƙullin goro. Dogo ne siriri, mai yawan fara'a, amma yau fara'ar ta ɓuya.

Firdaus tana bayan labulen da ya raba falo da ɗakin cin abinci, hannunta cikin na Anti Atine. Ba ta san Yaya ya kira Suraj ba sai da ta ji muryarsa.

Aka gaisa. Abdul-Razak ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ina wuni. Yaya aiki? Yaya Hajiya a Zariya, yana lafiya?"

Suraj ya tuntsire da dariya. "Yana lafiya? Hajiyar ce *yana*?"

Haka Hausar Zango take, ba ta cika raba mace da namiji ba. Firdaus ta daɗe da sabawa, har daɗi take yi mata a kunne. Amma yanzu ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi.

Abdul-Razak bai ɗago ba. "A yi haƙuri. Haka muka taso muka ji ana yi a gida."

"Suraj, ya isa," in ji Mika'ilu. Ya juya ga baƙon. "Malam, mene ne aikinka?"

"Ina kula da fasinjoji a tashar Mushairib. Shekara huɗu. Ina karatun difloma ta intanet kuma, saura shekara."

"Asalinku fa?"

"Kakan babana daga Katsina ya tashi, ya bi fataken goro. Ya sauka Kumasi, ya yi aure, bai koma ba."

Mika'ilu ya gyaɗa kai a hankali. "Ka ji abin da ka faɗa da bakinka? Bai koma ba. Ni ba aikinka ne damuwata ba, ko leburanci kake yi halal ne. Ba kuma Hausarka ba. Mahaifinmu kafin ya rasu ya riƙe hannuna ya ce in kula da uwarmu da yarinyar nan. Ni na yi nisa, abinci ya kawo ni nan. Ita kaɗai ce mace a ɗakin Umma. In ta gama karatu Zariya za ta koma. In ka aure ta, ranar da zamanka ya ƙare a ƙasar nan, ina za ka kai ta?"

"Yaya, za mu iya zama…"

"Kai ma kana da uwa a Kumasi?"

"Ina da shi."

"Kai ne babban namiji?"



"Ni ne."

"To ka gani. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu sai ta yi kuka. Ni kuwa ba zan sa hannu tawa ta yi ba. Abin da ya haɗa ku ma mene ne? Tatsuniyar Turawa. Ana gina gida a kan dariya?"

Abdul-Hakim ya yi gyaran murya zai sa baki, Abdul-Razak ya taɓa gwiwarsa.

"Yaya, ban zo da abin da zan ce na fi wani ba. Ranar da na fara ganin ƙanwarka, wallahi na ɗauka ba shi da lafiya. Ido ya faɗa, ba ya kallon kowa. Ban yi komai ba, littafin babana kawai na miƙa. In dariyar ce laifi, ni na jawo, kar a yi masa faɗa."

"Na ji. Ka ɗauki littafinka. Daga yau ba aro, ba kallo, ba waya. Khalas, magana ta ƙare."

Da za su fita, Abdul-Razak ya ɗauki littafin, ya bar dabinon da goron. Mika'ilu ya bi su da kayan har bakin ƙofa ya miƙa wa Abdul-Hakim.

A bayan labule Firdaus ta zame ƙasa. Anti Atine ta rufe mata baki da tafin hannu, ita ma tana hawaye.

*

Washegari Asabar da hantsi, Anti Atine ta ce wa mijinta tumatir da albasa sun ƙare, za ta Abu Hamour, Firdaus za ta raka ta. A ƙofar gidan Nasiratu ta tsayar da mota.

"Rabin awa, ƙanwata. In kika wuce haka aurena kika kashe."

Nasiratu ta rungume Firdaus a bakin ƙofa, ta ja ta falo, sa'an nan ta koma kicin ta bar ƙofar a buɗe. Talabijin ɗin da suka saba kallo a kashe yake. Abdul-Razak yana zaune a ƙasa, a gabansa kwali ne cike da littattafai, yana ɗaure shi da igiya.

"Mene ne wannan?"

"Naki ne. Guda talatin da ɗaya. Wanda kika karanta da wanda ba ki karanta ba. Nasiratu zai ajiye miki har ki samu inda za ki sa."

"Kai fa?"

Bai dube ta ba. "Kin san hutuna na shekara ya kama gobe. Da niyyata in je in gaya wa Mma zancenki. Tikitin yana nan, jirgin safe. Zan tafi. In na isa zan rubuto wa kamfani ba zan dawo ba."

"Abdul-Razak!"

"Ki saurare ni."

"Ba zan saurara ba! Magana ɗaya aka faɗa maka, shi ne za ka gudu? Ina alkawarin? Kai ne fa ka ce ko shekara goma ce za ka jira."

"Zan jira in zagi ne. Zan jira in duka ne. Wannan Suraj ɗin ya yi ta dariya har gobe, ba zai dame ni ba." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Amma yayanki bai zage ni ba, Firdaus. Gaskiya ya faɗa. Na yi ta juya maganar ban samu inda ya yi ƙarya ba. In na zauna a garin nan, kullum kina bi ta tashata. Zan ga kin sauko daga jirgi, in kau da kai? Ba zan iya ba. Ke ma ba za ki iya ba. Ƙarshenta ki ɓata da ɗan'uwanki, labari ya kai wa Umma, hawan jininsa ya tashi. Sai in zama ni na raba ki da kowa naki."

Ta durƙushe a gaban kwalin, kuka ya ƙwace mata.

"Ka san yadda nake kafin in haɗu da kai? In na kwanta, numfashin Abba nake ji, irin na ƙarshen nan. In na tashi shi nake ji. Ko a aji. Ranar da na karanta littafin nan ne kawai na yi awa guda ban ji ba. Na isa gida na yi ta istigfari, ina ganin kamar na ci amanarsa da na yi dariya. Kai ka ce mini ba uban da zai so 'yarsa ta mutu a tsaye. Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To yanzu ka ɗaure mini su a kwali ka ce in je in yi dariya ni kaɗai? Da wa zan yi musu? Wa zan kira in ce na kai wurin agwagwar? Ba takarda nake so ba, Abdul-Razak. Ba takarda ba ce!"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka shiga rawa. Daga kicin aka ji Nasiratu tana jan hanci.

"Kin tuna akawun nan," ya ce, "kullum kina cewa haushi yake ba ki, me zai hana ya buɗe baki ya faɗi gaskiya tun ranar farko? Ke ma haka kika yi. Wata bakwai. Da kin bari na je tun farko, da ba ta bakin wani Yaya zai ji ba. Kuma har yau ba ki gaya wa Umma ba."

"Tsoro nake ji."

"Na sani. Ban ga laifinki ba. Ni ma yanzu tsoron nake ji."

A waje Anti Atine ta danna hon sau biyu.

"Kar ka tafi. Don Allah. Don darajar iyayenka."

"Tashi, kar ki jawo wa baiwar Allah matsala."

Ya zaro wayarsa, ya kashe a gabanta, ya sa a aljihu. "In na bar shi a kunne zan kira ki. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Nasiratu ce ta riƙo ta har mota.

*

Da suka isa gida Mika'ilu ya dubi ledar tumatir, ya dubi idanun ƙanwarsa da suka kumbura. Bai tambayi komai ba. Bayan azahar ya kira su falo, ya jingina wayarsa da kwalbar ruwa, ya kira Zariya ta bidiyo.

"Tunda ni ban isa ba, ga wadda ta isa."

Fuskar Umma ta bayyana, tana zaune kan darduma, carbi a hannu. Ta rame tun bayan takaba, ba ta kuma mayar ba. Mika'ilu ya kwashe komai ya faɗa mata, bai rage ba, bai kuma ƙara ba. Umma tana ji, ba ta katse shi ba.

"Ina Firdausin?"

Firdaus ta matso, kanta a ƙasa.

"Ɗago ki dube ni. Kina sonsa?"

"Ina sonsa, Umma."

"Me ke cikin littattafan nan da har suka kai ku ga haka? Batsa ce?"

"Wallahi a'a, Umma. Shirme ne kawai."

"To ba ni shirmen in ji."

Mika'ilu ya ce, "Umma, ba wannan ne…"

"Da kai nake?"

Firdaus ta share hawaye. Da muryar kuka ta fara ba da labarin tsohuwa mai gidan haya a bakin teku da maƙwabcinta kanar mai ritaya. Agwagwar tsohuwar ta shiga lambunsa ta cinye furen da yake taƙama da shi, ya kama ta ya kulle a banɗaki a matsayin fursunar yaƙi, ya aika wa tsohuwar takardar sharuɗɗan sulhu. Ranar da babban limamin cocinsu ya kawo masa ziyara ya nemi ya kewaya, kanar ya kasa faɗin abin da ke ciki.

"Sai ya buɗe ƙofa?" in ji Umma.

"Ya buɗe, Umma. Ta biyo shi har titi, yana gudu yana riƙe da wando, kanar yana bin su a baya da takobi yana ba agwagwar umarni ta tsaya."

Wani sauti ya fito daga wayar. Da farko Mika'ilu ya ɗauka tari ne. Sai ya ga Umma ta saki carbi, ta dafe ƙirji, tana dariya har da kwantar da kai jikin bango.

"Kai, Turawa! Ashe su ma akwai wawaye. Takobi saboda agwagwa!"

Mika'ilu ya ƙura wa wayar ido. Rabon da ya ga haƙoran mahaifiyarsa tun Abba na da rai.

Umma ta goge ido da gefen mayafi, ta nisa. "Atine ta ce mini jiya an yi wa yaron dariya a falonka saboda ya ce *yana* a kaina."

"Ba ni na yi ba, Umma."

"A gidanka aka yi. Mika'ilu, ba ka san Innata ba, ta rasu kana goye. A ina kake tsammani aka haife ta? A Zangon Kumasi. Babana direban motar goro ne, can ya gano ta ya auro ta. Har ta koma ga Allah *ya zo, ya tafi* take cewa ga mace da namiji. Dangin babana suka yi ta yi mata dariya, har ta daina magana a taro. Ni ma da na girma kunyar faɗa nake ji, shi ya sa ba ku taɓa ji ba. Da Hausar da aka yi wa dariya jiya aka yi mini tawai ina jaririya."



"Umma, ni saboda ke na yi. Kar ta yi nisa ta bar ki."

"Kai da ka yi nisan, ka bar ni ne? Ban ce na ba shi ba. Ban san shi ba, ban san iyayensa ba, sai an bincika. Amma ba za a kore shi kamar kare ba tare da na ga idonsa ba." Muryarta ta canja. "Sannan akwai maganar da nake jira ka faɗa, ba ka faɗa ba. Yau da safe kawunku ya aiko mini da goro da alewa, wai iyayen Suraj sun je gaisuwa jiya, ya karɓa, wai da izininka. Yaushe aka fara ba da 'yata ban sani ba?"

Firdaus ta juya ta dubi yayanta. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Na ga kamar in an yi da wuri hankalin kowa zai kwanta," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To nawa bai kwanta ba. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Yanzu ka nemo mini yaron nan, yau, ka sa shi a gaban wayar nan."

"Umma," Firdaus ta fashe da sabon kuka, "gobe da safe zai bar ƙasar. Ya ce ba zai dawo ba. Ya kashe wayarsa."

"To me kuke jira a zaune?"

Ta katse kiran.

 Mika'ilu ya miƙe, ya ɗauki makullin mota daga kan talabijin.

"Sa hijabinki. Ba wai na yarda ba ne. Umarni aka ba ni."

Anti Atine ta riga su fita ta buɗe get. Mika'ilu ya tayar da mota, Firdaus a kujerar baya tana ta gwada lambar Nasiratu. Ya fara ja da baya ke nan ya taka birki da ƙarfi.

Wata farar mota ce ta sha gaban get ɗin ta tsaya. Suraj ya fito cikin shadda ruwan sama da hula, fuskarsa fal annuri, waya a hannu. Ya zagayo ta gefen direba ya sunkuyo.

"Yaya, albishirinka. Yanzu Baba ya kira ni. Kawu ya ce ɗaurin aure bayan Babbar Salla da sati biyu." Sai ya hango Firdaus a baya, ya ga fuskarta. Murmushin ya tsaya masa a leɓe. "Lafiya? Ina za ku da ranar nan?"

 Ta madubi Firdaus take kallon yayanta. Fiye da shekara talatin suna tare da gidan su Suraj, a tsakar gidansu Mika'ilu ya yi wasan ƙasa, kuma da bakinsa ya ba da izinin nan. Ta ga ya runtse ido, hannayensa biyu sun damƙe sitiyari har jijiyoyi sun fito.

Ya buɗe idon, ya sauke gilashi har ƙasa.

"Suraj, zan neme ka, akwai magana. Yanzu dai matsar da motarka. Ka tare mini hanya."